Iskar Gaban Hadari: Abin Da Ƙidaya Ke Gaya Mana



Maigari, Allah shi ja zamaninka. Liman da malamai, Allah shi gafarta maku. Iyayenmu maza da mata, da ƴan'uwanmu ƴan ci-rani waɗanda sunka komo gida daga Yamai, da Kano, da Legas, da Abijan, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin juna lafiya.

Shugabannin ƙungiya sun ce mu yi magana a kan iska, kuma kowa nan ya san dalili. Bara, farkon damana, bayan la'asar, iska ta kware rufin aji biyu na lakkwal, ta ɗauke kwanon gidaje, ta kada rumbuna. Allah ya kiyaye, yara sun riga sun tashi. Amma cikin runfar kara sunka ƙare shekarar karatu, kuma kwanon da munka tsinto cikin gonaki a nannaɗe, gumin ƴan ci-rani ne na shekaru.

Kun tuna, kwana kaɗan kafin wannan rana an yi gargaɗin iska a rediyo, ba mu ga kome ba sai ƴar ƙura. Da anka sake gargaɗi, ba wanda ya kula, ranar kuwa ta zo. Washegari, muna tattara katako, wani babanmu ya tsaida mu, ya ce: "Mushe, mutanen nan na meteyo, sani gare su ko kintace? In sun sani, don mi ba su faɗin ranar daidai? In ba su sani ba, don mi suke tada mana hankali?" Ranar ba mu ba shi amsa mai gamsarwa ba. Yau muke so mu biya bashi.

Mu fara da abin da iyayenmu sunka fi mu sani. Ranar da za a yi ta, gari yakan wuni da zafi da gumi, ganye ba ya motsi. Can sai gabas ta haɗe, ta yi baƙi ko ja. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ƙura ta taso kamar bango, kaji su nufi akurki. Bayan minti kaɗan ruwa ya biyo, ko kuwa ya ƙi zuwa, a tashi da holoƙo kawai. Waɗanda ke Yamai ranar 4 ga Mayu 2020 sun ga irin bangon nan ya rufe birni da rana tsaka, gari ya yi ja wur.

Daga ina wagga iska take fitowa? Girgijen hadari dogo ne ƙwarai, kansa yakan kai kilometir 15 a sama. Ruwan da ke zubowa daga cikinsa yana ratsa wata busassar iska da ke tsakanin sama da ƙasa, sai wani sashe nasa ya ƙafe tun bai iso ba. To, ruwa in yana ƙafewa sanyi yake bari. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, shi ya sa mai gumi ke jin daɗi in iska ta taɓa shi. Iskar da ta yi sanyi ta fi mai zafi nauyi, sai ta faɗo. Da ta bugi ƙasa ba ta da wurin shiga, sai ta bazu da gudu, kamar an juye guga a kan daɓe. Bakin ruwan gugan nan, shi ne iskar da ke riga ruwa isowa. Wanga shi ne dalilin da iskar Mayu da Yuni ta fi ta marka ta'adi: sama a bushe take, ƙasa ta yi zafi, gonaki kuma tsirara.

Babban hadarin ƙasarmu jeri yake yi, tsawonsa daga arewa zuwa kudu yakan kai ɗaruruwan kilometir. Sau da yawa yana tasowa da rana a wuraren duwatsu, kamar Abzin ko tudun Jos, sa'an nan wata iska da ke kaɗawa daga gabas, wajen kilometir 3 zuwa 4 a bisa kanmu, ta kora shi yamma. Gudunsa yakan kai kilometir 50 zuwa 60 a awa, kamar motar kaya a kan hanya mai kyau. Masu binciken da sunka jera ma'aunan ruwa kewaye da Yamai tun 1990 sun tarar da kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan damanarmu irin wanga hadari ke kawo shi. Ashe iska da ruwa kaya ɗaya ne a kan jaki ɗaya. Ba za mu roƙi ɗaya mu ƙi ɗaya ba; sai mu koyi zama da su.

Yanzu ƙarfinta. Masu meteyo suna auna iska da wata ƴar na'ura mai juyawa a kan sanda mai tsawon metir 10. Suna rubuta gudun da ta wuni tana yi, amma abin da ke ɓarna shi ne bugun nan na farat ɗaya, wanda suke aunawa cikin daƙiƙa 3. Ga wani lissafi da muke koya wa manyan yara, kuma muna roƙon magina da kafintoci su riƙe shi: in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta sau 4 yake ninkawa. A kan bango mai metir 1 tsawo, metir 1 faɗi, iska mai kilometir 50 a awa tana turi da nauyin wajen kilo 12. Mai kilometir 100 a awa kuwa, wajen kilo 47. Rufin aji ɗaya ya kai irin wanga fili sau 60. Ko rabin wanga ƙarfi ne ya kama shi ta ƙasa, ya kusa tan ɗaya da rabi, wato buhun hatsi 14 ko 15 masu kilo ɗari ɗari, suna jan kwano sama gaba ɗaya. Ku duba ƴan kusoshin da muke bugawa, ku gaya mana ko da mamaki.

To, mu komo ga tambayar Baba. Ta yaya ake faɗin zuwan irin wagga iska?

A watan Maris 1948 guguwa ta faɗa wa wani sansanin jiragen soja a jihar Okalahoma ta Amurka, ta lalata jirage da yawa. Anka sa wasu hafsoshi biyu masu aikin meteyo, Fawbush da Miller, su bincika. Abin da sunka yi shi ne komawa ga tsofaffin takardu: duk ranar da anka taɓa yin irin wagga ɓarna, yaya sama take da safe? Bayan kwana 5 sunka ga alamun sun sake haɗuwa, sunka yi gargaɗi, anka killace jirage, guguwa kuwa ta dawo. A 1954 sunka fitar da hanyar ƙiyasta bugun iskar hadari. Sun jera ranakun hadari da yawa, sunka tarar da cewa ƙarfin bugun yana tafiya da tazarar da ke tsakanin zafin ƙasa kafin hadari da sanyin iskar da ke faɗowa. In tazarar ta yi yawa, bugun ya yi ƙarfi. Wato sanyin nan da kuke ji a jiki in ta bugo, shi ne ma'auninsu na farko.

Har yau tushen aikin ke nan. A filin jirgin Yamai ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura, ta hau sama fiye da kilometir 20, tana aiko da labarin zafi, da laima, da gudun iska a kowane hawa. Daga nan ake duba abubuwa kamar huɗu: zafin ƙasa, laimar da ke kusa da ƙasa wadda ita ce abincin hadari, bushewar iskar tsakiya, da ƙarfin iskar gabas ta sama. Sai a buɗe kayen shekarun baya, a nemi ranaku masu kama da yau. A ce an samu rana 100 irin yau, cikinsu 30 an yi iska mai ɓarna a yankin, 70 ba a yi ba. Sai mai meteyo ya ce: yau 3 cikin 10 ne. Tun 1972, lokacin da wasu masana biyu na Amurka, Glahn da Lowry, sunka nuna hanya, ana haɗa wagga ƙidaya da lissafin kwamfuta: kwamfuta ta ƙiyasta yadda sama za ta kasance gobe, kaye kuma ya faɗi abin da ya saba biyo bayan irin wagga sama a wuri kaza.

Ku lura da kyau, domin nan ne muke yi masu rashin adalci. Wanda ya ce 3 cikin 10, ya gaya maka da bakinsa cewa sau 7 ba za ka ga kome ba. Ranar da anka yi gargaɗi munka ga ƴar ƙura, ba ƙarya anka yi mana ba. Ɗaya ce daga cikin bakwai ɗin. Ba da rana ɗaya ake gane gwani a wanga aiki ba. Sai a tara duk ranakun da ya ce 3 cikin 10, a ƙirga. In wajen kashi 3 cikin 10 nasu an yi iska, ƙidayarsa ta yi kyau. In kullum ana yi, ko ba a taɓa yi ba, to da gyara.

Wanga ba baƙon abu ba ne gare mu. Manomin da ke binne tun ruwa bai sauka ba, ya san wata shekara iri zai ruɓe ko ɓeraye su tone. Amma ya ƙirga a ransa: cikin shekarun da ya gani, waɗanda binne ya yi riba sun fi waɗanda ya faɗi, kuma asarar iri kaɗan ce a kan ribar shuka da wuri. Ba wanda ke ce mashi boka. Malamai suna nan, su gyara mana in mun kuskure: gaibu na Allah ne shi kaɗai, mai meteyo na gaskiya kuwa ba ya da'awar saninsa. Yana ƙirga abin da Allah ya saba gudanarwa ne, kamar yadda ungozoma ke ƙirga watanni ba tare da ta san ranar haihuwa ba.

Don mi ba su iya faɗin garin da za ta buga? Dalili na farko, iskar kanta ba ta da faɗi ɗaya. Ranar 24 ga Yuni 1975 wani jirgin sama ya faɗi yana sauka a birnin Niyu Yok cikin hadari, mutum 113 sunka rasu. Wani masani haifaffen Japan mai suna Fujita ya bincika, ya nuna cewa akwai faɗowar iska wadda faɗinta bai wuce kilometir 4 ba, kuma cikin minti kaɗan take ƙarewa. Irinta ce ke kware unguwa ɗaya ta bar ta kusa da ita ko zana bai faɗi ba. Bara ma hakanan munka gani.

Dalili na biyu, ma'aunan iska suna manyan garuruwa, kamar Yamai, Ƙonni, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. Tsakaninsu akwai dubban ƙauyuka inda iska ke ɓarna ba wanda ya rubuta. Tauraron ɗan Adam yana taimako: tun 1977 Turawa ke da masu suna Meteosat suna duban Afirka, kuma wanda anka harba a Disamba 2022 yana ɗaukar hoto kowane minti 10, har walƙiya yana gani. Amma kan girgije yake hangowa daga bisa, ba ya jin bugun iska a ƙofar gidanka. Masana ba su yi mana nisa ba, tun da cibiyar Agirimet, wadda anka kafa a 1974, da cibiyar Akmad ta Afirka duka, a Yamai suke. Sai dai kome gwanintar mai ƙidaya, abin da anka rubuta kaɗai yake iya ƙirgawa. Ko a Amurka, inda suke kiran iskar hadari mai tsanani in ta kai kilometir 93 a awa, mutanen gari masu sa kai suna aika rahoton ɓarna, da shi ake cika kaye.

Dalili na uku, zamani yana sakewa. A 2017 wasu masana, a ƙarƙashin wani Baturen Ingila mai suna Taylor, sun duba hotunan tauraro na shekara 35, sunka tarar da cewa hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka yawa sau 3 tun 1982. Ke nan ginin da ya ishi iyayenmu, mai yiwuwa ba zai ishe mu ba.

To, mi za mu yi da "3 cikin 10"? Sai mu auna abu biyu: wahalar shiri, da girman asara. Ɗaure bisashe nesa da tsohon icce, kiran yara gida, sauke runfar kasuwa, rufe taga: wahalar minti 10 ce. In ka yi ta sau 10, sau 7 ta tafi a banza, ba ka rasa kome ba sai minti 70. In ka ƙi yi, sau ɗaya ya isa ya raba ka da saniya ko da ɗa. Iska mai kayan kara take wahalarwa. Wanda ya ɗaure kayansa tun da wuri, kallo nasa.

Ga lissafi na biyu, na masu aiko da kuɗin gini. A ce, misali, kowace shekara 1 cikin 10 ne babbar iska ta bi ta kan gidanka. Sai ka ce kaɗan ne. Amma gida ba na shekara ɗaya ba ne. In anka yi lissafi, cikin shekara 10 damar ta same ka ko sau ɗaya ta kusa 2 cikin 3. In rufi ya ci jikka 300, ƙarfen ɗaure shi ya ci jikka 15, wa zai ce an yi tsada?

Saboda haka muna kawo wa ƙungiya shawara huɗu.

Ta farko, mu buɗe kayen iska na garinmu, a ajiye shi a lakkwal, manyan yara su riƙa rubutawa. Duk ranar hadari a sa kwanan wata, da ƙarfe nawa ta buga, da inda ta fito, da minti nawa ta yi, da ko an yi gargaɗi a rediyo. Ba mu da na'ura, amma muna da ido. Tun 1805 wani sojan ruwa na Ingila, Beaufort, ya jera ƙarfin iska hawa hawa da abin da ido ke gani. Mu ma mu yi hawa huɗu: ɗaya, ƙura kawai, biyu, rassa sun karye, zana ya faɗi, uku, jinka da runfuna sun tashi, huɗu, kwano ya kware, icce ya tumɓuke. Muna roƙon dattawa su zauna da yara su ba su shekarun manyan iskokin da sunka tuna, a sa su shafin farko. Ƙarshen damana mu karanta kayen a taro, mu aika kwafi ga masu meteyo.

Ta biyu, tarho. Tun da daga gabas yake zuwa, ɗan'uwan da ke gabas ya riga mu gani. Daga Damagaram zuwa Maraɗi wajen kilometir 200 ne in an miƙe, tafiyar hadari ta awa 4 ke nan. Daga Tasawa kuwa wajen awa 2. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu ko uku cikin ƴaƴanta da ke zaune gabas, in ta buga wurinsu su kira sakatare, shi kuma ya sa a yi shela. Mu ma in ta wuce mu, mu kira na yamma. Ku sani wani hadari zai mutu a hanya, wani ya kauce, wani kuma a bisa kanmu zai haɗu ba wanda ya kira. Kada mu yi wa mai kira dariya ranar da ba ta zo ba. In munka yi, gobe ba zai kira ba.

Ta uku, rufi, kuma ba a fafa gora ranar tafiya. Kafin ruwan farko kowane mai gida ya hau ya duba. Katakon rufi a ɗaure shi da ƙarfe wanda ya shiga cikin bango sosai, ba a ɗora shi kawai a ɗora duwatsu ba. Dutsen da iska ta ture, kan mutum yake faɗowa. A ƙara kusa a gefe da kusurwoyi, domin nan take fara ɓamɓara. Bakin kwano kada ya zarce bango da yawa. In ta taso a rufe ƙofa da tagogin gabas, domin in ta shiga ɗaki ta ciki take tura rufi sama. Ƴan'uwa masu aiko da kuɗin kwano, ku ware kuɗin ƙarfe daban, ku faɗi sunansa, in kun komo ku hau ku gani da idonku.

Ta huɗu, itatuwa da kara. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, gonakin da ke bayansu kuma sun amfana. A nan ƙasar Maraɗi, sassabin zamani da ya yaɗu tun wajen 1984 ya maido da gawo da kalgo cikin gonaki. Masu bincike a Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa karan hatsi in an bar shi shimfiɗe a gona yana rage rairayin da iska ke kwasa, wanda ke yanke ƙaramar shuka ko ya binne ta. Mu bar wani kara a gona, mu dasa layin itatuwa gabas da gari, da ɗan nisa daga ɗakuna.

Ga abu ɗaya da za ku koya wa yara yau da dare. In sun ga walƙiya su ƙirga har su ji tsawa: kowace daƙiƙa 3, kilometir 1 ce. Amma su sani iska tana riga ruwa isowa, saboda haka da gabas ta haɗe su nufi gida, kada su fake gindin icce ko jikin tsohon bango.

Baba, ga amsarka. Ba su san ranar ba, ba su san gidan ba. Abin da sunka sani shi ne sau nawa cikin goma, kuma da ƙirga sunka san shi, kamar yadda kai ma ka san gonarka. Sauran aikin namu ne. Za mu sa kayen a kan tebur bayan addu'a. Muna roƙon ka zama na farko da zai ba yara labarin iskar da ka fi tunawa.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kawo ruwa da sauƙi, shi tsare mu da dukiyarmu, shi maida matafiya gida lafiya. Abin da munka faɗa daidai, daga Allah ne. Inda munka kuskure, ku yafe mana.